Ƙasar shuka a bokiti: ni dai gawayin ɓuntu na zaɓa

Duk mai shuka tumatir ko attarugu a bokitin fenti ya san zallar ƙasar tsakar gida ba ta yi. Ban ruwa uku, ta daskare kamar bulo. Ga kuma zafin Gombe na Maris da Afrilu, wanda kan taɓa digiri 40, kafin la'asar bokiti ya bushe ƙamas. Shi ya sa mutane suka koma sayen haɗaɗɗiyar ƙasa.

Ta waje da ake kawowa a buhu mai hoton fure, yawancinta ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama ce da Turawa ke kira pit, ana haƙo ta a Kanada da Estoniya da Latbiya. Kaurin milimita 1 kacal take ƙarawa a shekara, kuma tun 2022 gwamnatin Ingila ta sanar da niyyar hana sayar da ita ga masu lambun gida. Ni matsalata da ita daban ce: in ta bushe sau ɗaya, ƙin shan ruwa take, sai ya bi gefen bokiti ya zurare. Garin ɓawon kwakwa na Indiya da Siri Lanka yana riƙe ruwa, amma ba abinci a cikinsa, wani ma da gishiri yake zuwa. Ga tsada.

Nawa zaɓin shi ne haɗin da aka yi da gawayin noma, musamman na ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuyar samu tunda ga Dadin Kowa, inda ake noman shinkafa, kusa. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa ma suna yi. Ana turara su ne a wutar da aka hana wa iska, har su zama baƙi ba tare da sun koma toka ba. Abin da ya fito cike yake da ƙananan ƙofofi kamar soso: yana riƙe danshi da taki, yana bar wa saiwa iska, ba ya ruɓewa balle ƙasa ta lotse a tsakiyar shuka. Bokitina da na haɗa tun bara har yanzu yatsa na shiga.

Amma gawayi ba taki ba ne. In aka zuba shi haka nan, abincin da ke ƙasar zai fara tsotsewa, ganye ya yi rawaya. Sai an cakuɗa shi da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki, a yayyafa ruwa, a rufe kamar mako 2. Kuma yana da halin toka da kanwa, alhali tumatir ya fi son ƙasa mai ɗan tsami. Don haka a kwano 10 ba na wuce gawayi 2, taki 3, sauran ƙasar jigawa. In mai sayarwa ya kasa faɗa muku yawan gawayin da ke haɗinsa, ku ƙara gaba.

Algus kuwa, a nan ya yi gida. Na taɓa sayen buhu biyu wurin wani mai furanni a bakin titi. "Hajiya, wannan ai ko ƙusa kika shuka sai ta tsiro," in ji shi. Kwana biyar dashena ya ƙone ƙurmus. Da na zazzage, ƙasar juji ce da toka da ɓurɓushin gawayin girki, har da fasasshiyar kwalba da guntun batir. Abin da zan ci a miya!

Tun daga nan ba na sayen buhun da aka ƙi kwance mini baki. Ina sa hannu har ƙasa, don na kirki a sama ake ɗora shi. Ina sunsunawa: warin kananzir, ko hayaƙi, ko zarnin ɗanyen kashin kaji, duk na ƙi. Gawayin da ya ƙonu sosai ba nauyi, kuma baƙinsa ruwa kaɗai ke wanke shi daga hannu. In sai da sabulu, akwai sauran maiƙo. Fari-fari a ciki toka ce. Buhun da ya cika nauyi, jiƙaƙƙen yashi aka ƙara. Wasu garin katako suke shafa wa baƙi, murza shi za ku ga ja a ciki.

Ko ya tsallake duk wannan, mudu ɗaya nake fara saye, in watsa irin alayyafo a gwangwani. In mako ya cika bai tsiro kore shar ba, ba na komawa.