Gargaɗi: mai "sikanin nagatif" ya ci mini ₦380,000, ya kuma riƙe hotunan Baba

Jama'a, akwai wani matashi da ke tallata kansa a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, wai yana mayar da tsofaffin nagatif na hoto zuwa kwamfuta. Ɗan damfara ne. ₦380,000 ya karɓa a hannuna. Ba zan faɗi sunansa yanzu ba saboda maganar tana gaban hukuma, kuma an ce in dakata, amma sikirinshot na hirarmu da alat ɗin banki duk suna nan na adana, ranar da aka ba ni dama zan zubo su kowa ya gani.

₦380,000. Kuma wallahi ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, mai ɗaukar hoto ne a Zariya tun kafin a haife ni. Ya bar mana akwatin ƙarfe cike da nagatif, kowanne a ambulan ɗinsa, ya rubuta shekara da biro a baya. Akwai ƙananan fim na 35, akwai manya na 120 masu kusurwa huɗu daidai, waɗanda ya ɗauka da kyamararsa ƙirar Yashica. Hawan Sallah, bukukuwan aure, 'yan makaranta, da ambulan guda na babban hawan da aka yi a Kaduna lokacin FESTAC, bikin al'adun Afirka, a 1977. Na tsamo kusan 600 da suka fi muhimmanci, don wasu sun fara yin tabon fumfuna, Hajiya kuma kullum maganarta ke nan, a ceto hotunan nan tun tana da ido.

Masu cewa me ya sa ban bincika ba, ku saurara. Na bincika. Kafin in yi magana da kowa sai da na zauna na karanta abin da ake buƙata. Na san cewa irin fayil ɗin hoto da ake kira JPEG matse hoto yake yi, yana zubar da wani abu daga cikinsa, kuma duk gyaran da ka yi ka sake ajiyewa sai ya ƙara zubarwa. Na san irin fayil na TIFF ake ajiye asali da shi, mai bit 16 (wato zurfin kala), sannan a ciro JPEG daga jikinsa don turawa dangi. Tambayar farko da na yi masa ke nan: da wace na'ura, da wace manhaja, a wane irin fayil? Bai yi gargada ba. Ya ce, "Yallaɓai, Nikon Coolscan 5000 gare ni, dpi 4000, TIFF zan ba ka, da VueScan nake aiki." Ku gaya mini, mutumin da ya amsa haka, wa zai ce ɓarawo ne?

Kuma ban tsaya nan ba. Na ce gwaji tukuna. Na ba shi zirin fim ɗaya mai hoto shida, na auren yayarmu. Ya dawo da shi lafiya lau, ya kawo fayil a filash, kowanne ya haura megabait 120. Daidai lissafi ke nan, domin hoto ɗaya a fim na 35 girmansa milimita 36 ne da 24, idan aka yi masa dpi 4000 (wato ɗigo 4000 a kowane inci) yana ba da wajen megafiksel 21, a bit 16 mai kala kuwa nauyinsa ya kai haka. Na buɗe a kwamfuta, na yi ta zuƙo hoton har sai da na ga zaren aikin wuyan rigar Baba Ƙarami ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta sa tabarau ta gane wata ƙawarta da ta rasu tuntuni, tana tsaye can baya. Wannan fayil ɗin shi ya sa na yarda. Har yanzu ina buɗe shi ina kallo. Na gaske ne, babu algus. Yanzu na gane kai wa ya yi wani mai na'urar gaske ya yi masa guda shidan nan, ya zo ya yi mini tarko da su.

A ranar na tura ₦250,000 kafin alƙalami. Yana zaune a zaurenmu, ya sha ruwa, ya gaida Hajiya har ƙasa, yana "Mama, insha Allahu za ki ga hotunan Baba kamar jiya aka ɗauka." Mama! Ya karɓi akwatin da hannu biyu. Ni da kaina na kama masa har bakin Keke Napep.

Af, na tsallake maganar bidiyon. Tun kafin gwajin ya turo mini bidiyon na'urar tana jan fim, ya ce shagonsa ne. Ɗan yayata ne daga baya ya gano bidiyon a YouTube, na wani Bature ne, an yanke fuskarsa da muryarsa kawai.

Bayan ya tafi da akwatin, sai ga kira wai manhajar VueScan "ba ta iya baƙi da fari ba", dole a sayi lasisin wata manhajar mai suna SilverFast, ₦80,000, kuma lasisin zai zama nawa idan an gama. Na tura. Ƙarya ce tsagwaronta: VueScan tana yin baƙi da fari sarai, kuma lasisin SilverFast da samfurin sikana ake ɗaure shi, to ni da ba ni da sikana me zan yi da shi? Ko lambar lasisin ban gani ba har yau. Sannan ₦50,000 na babbar ma'ajiya, tunda a cewarsa fayil ɗin sun yi nauyi. Wannan kam ta yi daidai da hankali, hoto 600 sau megabait 120 ya wuce gigabait 70, ban da manyan na 120 da suka fi haka nauyi nesa. ₦250,000, da ₦80,000, da ₦50,000. Ku haɗa. ₦380,000.

Me aka kawo mini? Filash mai gigabait 16, a hannun ɗan acaɓa, shi ko leƙowa bai yi ba. Duk hotunan ba su cika gigabait 2 ba. Sunan kowane fayil ya ƙare da .tif, eh, amma nauyinsa megabait 2, wani 3. Ɗan yayata ya buɗe guda da Notepad ya nuna mini kalmar Exif (alamar bayanan da kyamara ke maƙala wa hoto) a layin farko, ya ce, "Kawu, wannan JPEG ne, suna kawai aka canza masa. TIFF na gaske da II ko MM yake farawa." Ya duba bayanan da ke maƙale cikin hoton, ga sunan wayar da aka ɗauka da ita ɓaro-ɓaro. Waya! Ɗora nagatif ɗin ya yi a kan farin allon wata wayar ya ɗauka da tasa, ya juya kalar da manhajar kyauta. Idan ka zuƙo, sararin sama duk ɗigo-ɗigon allon waya ne a jere kamar rariya. Fuskokin mahaya sun narke, rawani da fuska sun zama abu ɗaya.

Kuma ya taɓa ce mini zai share ƙura da ƙarce da Digital ICE a kan duka. Wannan fasahar da hasken infrared take aiki, ba ta yi a kan asalin fim baƙi da fari saboda azurfar da ke jikinsa, rabin akwatin Baba kuwa baƙi da fari ne. Haka nan Coolscan 5000 ba ta ɗaukar fim na 120, sai babbarta 9000. Mai na'urar gaske zai faɗa maka wannan da bakinsa tun ranar farko. Ni ba sana'ata ba ce, na yi tambayoyin da mai hankali zai yi, na nemi gwaji, na ga gwaji. Me ya rage?

Akwatin ya dawo, amma ba yadda ya tafi ba. An fitar da fim daga ambulan an cakuɗa, shekarun da Baba ya rubuta sun tashi a banza. Ga shatin yatsa mai maiƙo a kan fuskar fim, wasu zirin an datse su da almakashi har an ci gefen hoto. Ambulan ɗin 1977 kuma babu shi. Na juye akwatin a kan tabarma, na bi ɗaya bayan ɗaya, babu. Da na kira ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, yana wurin yarona, gobe." Goben nan ba ta zo ba. Daga nan layi a kashe, shafinsa ya canza suna, ya toshe ni. Zargina sayar da su zai yi, don ya fi tsayawa a kan ambulan ɗin nan tun a zaure, yana ɗaga su a haske yana tambayar ko akwai wanda ya taɓa buga su.

Hajiya ba ta sani ba tukuna. Tana tambaya ina ce mata ana kan aiki.

Ku dai kada ku ba kowa nagatif ɗinku ya tafi da shi. Ku je ku ga na'urar da idonku tana aiki a kan fim ɗinku, ku ba da kaɗan-kaɗan, ku biya bayan kun duba nauyin fayil. VueScan ana sauke ta gwaji kyauta daga shafin masu ita, kamfanin Epson mai ƙera sikana kuma yana ba da tasa manhajar tare da sikanar, don haka duk wanda ya ce ku kawo kuɗin lasisi ku tashi.

Duk wanda ya ga ana tallar tsofaffin hotunan hawan Kaduna na 1977, baƙi da fari, masu kusurwa huɗu daidai, don Allah ya yi mini magana ta inbos. Wanda kuma irin wannan ta faɗa masa ya zo mu haɗa ƙorafi, na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Hoton allon fayil ɗin da sunan wayar a jiki zan sa shi da daddare idan an kawo wuta.