Kwana uku da 'yar jagora a Guangzhou: abin da na biya da abin da na samu

Shekara takwas ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro yadi da kayan ɗinki, amma in ka cire unguwar Xiaobei da kasuwar yadi ta Zhongda da ofisoshin masu kago, wato masu jigilar kaya, babu inda ƙafata ta taɓa takawa a garin. A wannan karon na taho da uwargida, sai masana'antar da ke yi mini aiki ta ce kaya ba za su kammala ba sai bayan kwana huɗu. Hajiya ta ce ita ba ta taso tun daga Kano ta biyo ta Addis Ababa don ta zauna a ɗakin otal ba. Shi ya sa na sa ma'aikacin otal ɗinmu ya haɗa mu da wani kamfanin yawon buɗe ido, muka yi ciniki a kan kwana uku: mota da direba, da jagora mai jin Turanci, da kuɗin shiga wurare, da abincin rana. Na biya ta Alipay, manhajar biyan kuɗi ta waya, tun a daren.

Gaskiya ba su yi mana wasa da lokaci ba. Ƙarfe tara aka ce, tara saura motar tana bakin ƙofa, a wanke tsaf, da ruwan gora a ajiye. Jagorarmu budurwa ce 'yar asalin garin, mai haƙuri. Duk abin da ta faɗa sai ta dakata na fassara wa Hajiya da Hausa, ba ta taɓa nuna ƙosawa ba.

Wurin farko da ta kai mu shi ne gidan zuri'ar Chen, wanda aka gama ginawa a 1894. Iyalai masu wannan suna daga gundumomi 72 na lardin Guangdong ne suka haɗa kuɗi suka gina shi, don girmama kakanninsu da kuma saukar da 'ya'yansu masu zuwa birni zana jarrabawar shiga aikin sarki. A nan ne na ga amfanin jagora. Da mu kaɗai ne, da sai mu ce gida ne mai ado mu wuce. Ita kuwa ta tsayar da mu a tsakar gida ta nuna mana cewa adon da ke kan rufin daban, na jikin tubali daban, na katakon ƙofa daban, na ƙarfen baranda daban, kowanne da masu sana'arsa. Ya tuna mini da yadda maginanmu ke ƙawata fuskar soro, sai dai su nasu ya hau har ƙololuwar rufi. Yanzu gidan ya zama wurin ajiye sana'o'in hannu na lardin. Hajiya, da yake ɗinki ne sana'arta, ta kafe a gaban wani surfani na zaren siliki, tana ta duba yadda aka ɓoye bakin zare. Sai da na ce mata, "Hajiya, rana na yi," sannan ta motsa.

Tsibirin Shamian bai ɗauke mu lokaci ba. Wuri ne da Turawan Ingila da Faransa suka riƙe a ƙarni na 19, gine-ginensu na nan, da manyan itatuwa masu inuwa, da amare ana ta ɗaukarsu hoto. Yana da sanyin ido, minti arba'in ya ishe shi.

A abincin rana ne muka fara samun saɓani. Tun wajen ciniki na faɗa da bakina cewa mu Musulmi ne, aka ce babu damuwa. Ashe abin da kamfanin ya fahimta shi ne kada a kawo mana alade a faranti, shi ke nan. Suka kai mu gidan abincin 'yan gari, jagorar ta yi odar kaza da kifi tana murna ta kyauta mana. Na yi mata bayanin yanka, na kuma gaya mata abin da duk ɗan kasuwar da ya daɗe a nan ya sani, cewa girkin mutanen Guangdong yakan sha man alade har a cikin kayan fulawa. Ta ba da haƙuri sosai, kuma na ga alamar ba a taɓa yi mata wannan bayanin ba. Muka fito muka nemi shagon taliyar Lanzhou, irin masu koren allo da rubutun halal, inda ake jan taliya da hannu a gabanka a zuba mata romon naman shanu. Daga aljihuna na biya, haka ma sauran kwana biyun, kuma kamfanin bai mayar mini da ko sisi daga kuɗin abincin da ke cikin yarjejeniya ba. Wannan ya ɓata mini rai, don ba a ɓoye na yi maganar ba. Jadawalin nasu kuma babu gurbin salla ko ɗaya. Ƙasaru muke yi muna haɗawa, kuma duk inda za mu, da gorar ruwa a jakar Hajiya, saboda bayin wuraren nan ba za ka sami buta ba.

Washegari da safe muka hau tudun lambun Yuexiu, inda gunkin raguna biyar yake, alamar garin. Tatsuniyarsu ta ce wasu mutanen sama su biyar ne suka sauko a kan raguna da zangarniyar shinkafa, suka yi wa garin addu'ar kada ya ƙara ganin yunwa. Can sama akwai jan bene mai hawa biyar da ake kira Zhenhai, wanda aka gina a 1380, da guntun tsohuwar ganuwar birni da saiwoyin itatuwa suka rungume. Bakano ba ya ganin ganuwa ya wuce bai tsaya ba. Na daɗe ina kallon yadda suka tattala ɗan abin da ya rage musu, ina tuna tamu badalar da ake ta yanka ana gini a kai. Shiga lambun kyauta ne, tsofaffi sun cika shi suna motsa jiki da rera waƙa.

Daga nan aka ce za a kai mu mu ga al'adar shan shayi. Shago ne kawai. Aka zaunar da mu, aka yi ta zuba mana a 'yan ƙananan kofuna, sannan aka fito da gwangwanaye da farashin da ni da na san kasuwar garin na san an ninka shi. Fiye da awa ɗaya ta tafi a nan. Da muka koma mota na ce wa jagorar a soke duk wani shago da ya rage a jadawali, a kai mu masallacin Huaisheng. Ta ce ba ya cikin tsarinsu, amma ta kira ofis, aka yarda.

Wannan masallacin shi ne ya biya mini kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Yana cikin tsohon gari, a kan titin Guangta, tsakanin gidaje da ƙananan shaguna. Kafin ka ga ƙofa za ka hango hasumiyar: doguwa, mulmulalliya, launin toka, kimanin mita 36, babu ado ko ɗaya a jikinta, kuma ba ta yi kama da komai na ginin Sinawa ba. Sunanta, Guangta, na nufin hasumiyar haske, domin a da kogin Lu'ulu'u da ya ratsa garin yana kusa da ita, jiragen fatake suna ganinta su san sun iso. Sunan masallacin kuma na nufin tunawa da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Jagorar ta tsaya a waje, mai gadi ya yi mana sallama ya buɗe mana. Ciki shiru, da itatuwa, da rufi irin na Sinawa, ga ayoyi an rubuta su da wani salon Larabci mai kama da zanen burushi. Na yi alwala na bi jam'in la'asar tsakanin wani dattijo Basine da wani Bayamane.

Mutanen wurin suna cewa sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne ya kafa shi, har akwai kabarin da ake jingina masa a wani masallacin kusa da lambun Yuexiu. Jagorar ma haka ta faɗa mana kai tsaye. Na gaya mata cewa a littattafan tarihinmu Sa'adu ya rasu ne a Aƙiƙ, aka kai shi Baƙi'a a Madina. Wannan bai rage wa wurin daraja a idona ba. Abin da ya tabbata shi ne tun zamanin daular Tang fatake Larabawa da Farisawa suke shigowa garin nan ta teku, suna zama, suna salla. Na zauna a barandar masallacin ina tunanin cewa shekara takwas ina ganin kamar mu ne baƙin farko da suka zo nan neman halal da carbi a aljihu, ashe sama da shekara dubu ana bin wannan hanyar. Hajiya ta fito daga ɓangaren mata idonta ya yi ja. Ta ce, "Alhaji, ashe kana zuwa garin nan ba ka taɓa zuwa nan ba?" Ban sami amsar ba ta ba.

Rana ta uku aka bar ta don sabon gari. Hasumiyar Canton, mai tsawon mita 600, an buɗe ta a 2010, shekarar da garin ya karɓi wasannin Asiya, kuma 'yan gari na yi mata laƙabi da mai siririn ƙugu saboda yadda ta tsuke a tsakiya. Sai da fasfo ake yankar tikiti, ga layin bincike, ga layin lif. Mun hau da yamma aka yi rashin sa'a hazo ya rufe gari, dogayen benayen tsallaken kogi ma da ƙyar muke hango su. Wanda zai hau ya dubi sama tukuna kafin ya biya, mu da yake an riga an yanka mana tikiti babu yadda za mu yi.

Jirgin ruwan dare a kogin Lu'ulu'u ya fi hasumiyar daɗi nesa ba kusa ba. Kimanin awa ɗaya ana tafiya a hankali, ana ratsa ƙarƙashin gadoji, ciki har da tsohuwar gadar ƙarfe ta Haizhu ta 1933, hasumiyar kuma tana sauya launi daga sama har ƙasa. A nemi kujerar saman jirgi, a fili. Ta ciki bayan gilashi take, hoto ma ba ya fita.

Da zan sake, kwana ɗaya kawai zan ɗauki jagora, don gidan Chen da tsohon gari, in kuma sa a rubuta a takarda cewa babu abinci babu shago. Sauran duk jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum, daga yuwan 2 kuɗinsa ke farawa, ana kuma sanar da tashoshi da Turanci. A guji makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, don ko wurin tsayawa wuya yake yi. Jagorar na ba ta tukuici da hannuna, ta cancanta. Akwai kabarin wani sarkin tsohuwar masarautar Nanyue da aka tono a 1983, mai likkafanin dutsen jad da aka ɗinke da jan zaren siliki, wanda Hajiya ta so gani saboda ɗinkin. Muna shirin zuwa da safiyar rana ta huɗu aka kira ni daga masana'anta cewa kaya sun fito, sai muka juya wajen masu kago.