Kafin ka biya kuɗin bin salsalar Amurkawan farko, ga abun da nake ba mutane shawara

Toh jama'a, tambayar nan tana yawan zuwa min, musamman daga 'yan'uwanmu da suka yi aure a Amurka yara suka fara tambayar daga ina dangin uwarsu suka fito: wane shafi zan biya in bi salsalar gidan har kakannin farko da suka fara zuwa ƙasar? Amsata ita ce kar ka biya ko sisi tukuna, ka fara da FamilySearch.

FamilySearch kyauta ne, rajista kawai za ka yi. Cocin Momon da ke Salt Lake City a jihar Utah ne ke da shi, kuma tun 1894 suke wannan aiki na tara takardun zuri'a, shafin intanet ɗin kuma a 1999 suka buɗe. Ba sai ka shiga addininsu ba, kowa na shiga. Abun da ya sa na fi son shi ba ma don kyautan ba ne, don yana nuna maka hoton ainihin takardar ne, ka ga rubutun hannun akawun kotu da idonka, wasiyya, takardar cinikin gona, rajistar aure, rabon gado, kuma wallahi a binciken gidajen farko nan ne duk maganar take. Dalili kuwa, ƙidayar jama'a ta farko a Amurka 1790 aka yi ta, kuma daga nan har 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, matar da yaran lamba ce kawai, sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowa a gida, ban da bayi. Ta 1890 kuma gobara ta cinye yawancinta a 1921. Kenan da zarar ka wuce 1850 kana komawa baya ƙidaya ta kusa gama maka amfani, sai wasiyyar da uba ya lissafa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya har da sunan mijin kowace 'ya. Daga 2024 ma sun kawo wani tsari da kwamfuta ke karanta tsohon rubutun hannu, ka sa suna ta lalubo maka shi a tsakiyar takardar da ba wanda ya taɓa jerawa.

Yana da aibinsa, ba zan ɓoye ba. Jadawalin zuri'arsu ɗaya ne na kowa da kowa, wani zai iya zuwa da dare ya canza maka kaka. Wasu hotunan kuma ba sa buɗuwa daga gida sai ka je cibiyarsu. Ni dai takardun nake zuwa nema, jadawalin leƙawa kawai nake yi.

Ancestry kuma kuɗi ne duk wata ko duk wata shida, yana da sauƙin amfani kuma takardunsa da yawa, amma ganyen nan kore da ke nuna maka "ga danginka" sau da yawa jadawalin wani ne da shi ma ya kwafo daga wani. Ka biya wata ɗaya lokacin da ka san abun da kake nema, ya isa. MyHeritage ya fi ƙarfi a Turai, bar shi. Find a Grave hotunan kaburbura ne, dutsen ka yarda da shi, bayanin da aka rubuta a ƙasa kar ka yarda.

Wanda nake ganin ya cancanci kuɗi in gidan daga yankin New England ne, wato su Massachusetts da Connecticut, shi ne American Ancestors na wata ƙungiyar bin salsala ta Boston da aka kafa a 1845. Suna da aiki na musamman kan waɗanda suka iso tsakanin 1620 da 1640, kowane mutum da hujjarsa. In kuma gidan Virginia ne toh sai haƙuri, kuɗi ba zai dawo da takardun da suka ƙone ba, na gundumomi da dama sun tafi a gobarar Richmond ta 1865. Idan dangin baƙaƙen fata ne da aka bautar, katangar ita ce 1870, ƙidayar farko da ta rubuta sunayen yawancinsu, kafin nan sai takardun Freedmen's Bureau, hukumar da aka kafa don kula da 'yantattun bayi, da wasiyyar iyayengijin, kuma FamilySearch na da su.

Gwajin DNA na yawu da ake talla, kakanni biyar ko shida yake kaiwa da kyau, mutumin 1650 ya yi masa nisa. In layin uba zalla kake bi gwajin Y na FamilyTreeDNA ya fi. Sannan ka tuna abun da ya faru da kamfanin gwajin DNA na 23andMe, an sace bayanan mutane kusan miliyan 7 a 2023, a 2025 kamfanin ya shiga kotun fatara.

Yanzu ga inda na fi zafi, 'yan damfara. Wani kamfani da ba zan faɗi sunansa ba ya taɓa sayar wa gidan surukaina wani littafi mai bango mai ruwan zinare wai tarihin zuri'arsu, da muka buɗe bayanin gama-gari ne sai jerin sunaye da adireshi kamar daga kundin lambobin waya, ba ko takarda ɗaya ta hujja, kuma dattijuwar gidan ta riga ta nuna wa kowa. Tun daga nan duk abun da aka kawo min tambayata ɗaya ce, ina takardar? Haka masu sayar da tambarin gida a firam, wai wannan ne na masu sunan kaza. A dokar Ingila tambarin nan mutum ɗaya ake ba da magadansa, ba duk mai sunan ba.

Kuma abun ba yau ya fara ba. Akwai Gustave Anjou, haifaffen Sweden da ya mutu a 1942, ya shekara da shekaru yana ƙirƙiro wa attajiran Amurka salsala kan dubban daloli. Dabararsa ita ce ya jera hujjoji na gaskiya masu yawa sai ya cusa na ƙarya ɗaya a daidai gaɓar da za ta haɗa ka da wani babban gida a Turai. Gidaje sama da 100 aka gano ya taɓa, an buga ƙaryar a littattafai, daga littattafai ta shiga intanet, har yau tana yawo a jadawalin mutane. Don haka in ka ga salsala ta tsallaka teku ta faɗa gidan sarauta babu rajistar coci ko wasiyya a tsakani, tsaya nan. Haka masu cewa kakansu ya zo a Mayflower, jirgin ruwan da ya kawo wasu daga cikin Turawan Ingila na farko New England, fasinja 102 ne a ciki a 1620 kuma kusan rabi sun mutu a hunturun farko, ƙungiyar zuri'arsu tana da littattafan da ta tantance, a can ake dubawa.

In za ka ɗauki mai bincike na haya, ya faɗa maka kuɗin awa da adadin awannin a rubuce, ya kuma ba ka hoton kowace takarda. Wanda ya yi maka alkawarin sakamako tun kafin ya fara, rabu da shi. Gwajin kyauta na kwana 14 da wasu shafuka ke bayarwa kuma katinka suke karɓa tun farko, ka sa tuni a waya ka soke kafin ranar, in ba haka ba za su cire kuɗin.