Lasifikan sama na Sony SS-CSE: kafin ka saya, ɗaga kai ka dubi silin

Ga mai amfilifaya da ke karɓar Dolby Atmos (tsarin sautin da ke sa ka ji ƙara har daga sama), wanda kuma ba ya son a fasa masa silin, waɗannan 'yan lasifikan guda biyu sun ci kuɗinsu. Kowanne ɗan akwati ne mai karkataccen kai, da lasifika ɗaya mai faɗin santimita 10. Ni na haɗa su da amfilifayata, Denon AVR-X1700H, na koma tsarin 5.1.2: biyar a ƙasa, wufa (lasifikar kaurin sauti) ɗaya, biyu na sama.

Hanya biyu ake ajiye su. Ta farko, ka ɗora su a kan manyan lasifikan gaba su harba sauti sama, silin ya dawo maka da shi kamar yadda madubi ke dawo da haske. Wannan dabara tana buƙatar silin shimfiɗaɗɗe, mai tauri, wanda bai yi tsawo da yawa ba. To, falona irin na yayi ne: POP mai hawa-hawa, da rami a tsakiya, ga fanka mai fukafukai uku a daidai inda sautin zai sauka. Da na gwada fim mai ruwan sama, ruwan bai zubo daga sama ba, sai ya tsaya kusa da talabijin yana shashasha. Ba laifin lasifikan ba ne, na mai zanen silin ne, kuma ni na zaɓi zanen da kaina saboda uwargida.

Hanya ta biyu ce ta fisshe ni. Ana iya rataye su a bango, don haka mai gyaran wutarmu ya kafa su can sama a bangon gaba, kowanne a saitin babbar lasifikar da ke ƙasansa, suna kallon kujera. Ana so su kasance tsakanin digiri 30 zuwa 45 sama da kunne. Kujerata na nesa da bango mita 3, kunnena a zaune kusan mita 1 daga ƙasa, su kuma a mita 2.8, kenan da kyar muka haye digiri 30. Wanda kujerarsa ke manne da bangon baya a dogon falo ba zai samu haka ba, sai ya matso da ita.

Bayan an rataye, dole ka shiga saitin amfilifaya ka sanar da shi cewa yanzu na saman bango ne, sannan ka sake awo da makirufon Audyssey, wato tsarin da amfilifayar ke auna sautin ɗaki da shi. Kashe fanka da janareto lokacin awon, in ba haka ba lissafin zai rikice.

Yanzu jirgi mai saukar ungulu yana tasowa daga sama sosai, sai dai daga gaba. Ba ya ratsawa ta tsakar kai, wannan sai lasifikan cikin silin. Kaurin sauti kuwa ba nasu ba ne, bar wa wufa. Kuma ka sayi farar rufar waya tun farko, don baƙar waya a farin bango ba ta da kyan gani.