Lesin ɗin jinetiks na Rijiyar Zaki, malamin ya iya amma ɗakin sai haƙuri

'Yan BUK masu biyokemistiri da 'yan medisin da kuke ta tambaya ta a kan gurin lesin ɗin nan na Rijiyar Zaki, amsa ita ce ku je, musamman in meyosis, wato rabuwar ƙwayar halitta da ke samar da ƙwai da maniyyi, ne yake caza muku kai, don wallahi bayanin mahaɗar Holliday, gurin da silin DNA na kuromosom biyu suke sarƙewa, shi kaɗai ya fanshe kuɗin da na biya.

Shi malamin ba ya fara da allo. Wayar wuta yake zuwa da ita, sili biyu ja biyu baƙi, ja na kuromosom ɗin uwa baƙi na uba, da filaya a aljihu. Zai datse jan ya ce wannan aikin wani furotin ne mai suna Spo11, wato da gangan ƙwayar halitta take karya DNA ɗinta, sai ya cusa bakin wayar cikin baƙar ya ce ga Dmc1 da Rad51, furotin ɗin da suke wannan cusawar, sun shigo, kana kallo wayoyin za su sarƙe a guri biyu kamar gicciye, to mahaɗa biyu kenan. Robin Holliday ne ya kawo tunanin a 1964 yana aiki a kan wata cutar masara mai suna Ustilago, na mahaɗa biyun kuma su Szostak ne a 1983, wannan dai a gurguje ya faɗa don ya san jarrabawa tana so.

Inda ya burge ni shi ne gurin kwancewa. Ya miƙo min filayar ya ce ɗalibi yanka, na yanka duka mahaɗun ta fuska ɗaya, muka ware, ja ya koma ja baƙi ya koma baƙi sai ɗan faci a tsakiya, babu musaya. Aka sake haɗawa na yanka ɗaya a tsaye ɗaya a kwance sai ga waya rabi ja rabi baƙi, kurosoba kenan, wato musaya. Handawut ɗin da muke haddacewa a nan yake tsayawa, kamar abin kacici-kacici ne, rabi musaya rabi babu. Malam ya ce a meyosis ba haka ba ne, yawancin mahaɗa biyun nan musaya suke zama kuma furotin ɗin Mlh1 da Mlh3 ne suke aikin yankan tare da Exo1, su kuma Mus81 da Yen1 da Slx4 sun fi zama masu share ragowar da ta maƙale kafin a raba kuromosom, Yen1 ɗin sunansa ne a yis, a mutum shi ake ce wa GEN1. Akwai ma hanyar da ba yanka kwata-kwata, Sgs1 da Top3 da Rmi1 su turo mahaɗun su haɗe su zare, wannan ba ta ba da musaya, kuma Sgs1 na yis shi ne BLM a jikinmu, wanda in ya lalace ake samun ciwon Bloom. Wata 'yar aji ta ce Malam to ina ruwan likita da wannan, ya ce in babu musaya ko ɗaya tsakanin kuromosom biyu ba abin da zai riƙe su, sai rabon ya karkace, ɗaya daga hanyoyin da ake samun kuromosom lamba 21 guda uku kenan, ciwon Down.

Matsalar gurin kuwa, ɗaki ne ƙarami, taga ɗaya, in NEPA sun ɗauke ba janareto ba sola, fanka ta tsaya kowa yana fifita da littafi, ga ƙarar 'yan adaidaita daga titi. Ana ce maka ƙarfe huɗu amma sai an yi la'asar an dawo an ɗan yi hira tukun, kuma hotokofin da suke sayarwa baƙi da fari ne, zanen da launi ne ransa, ba ka gane silin uwa daga na uba, kar ku saya, ku ɗauki wayoyin a hoto da wayarku ya fi.

Sannan saurinsa ya yi yawa ga wanda bai san furofes na farko, wato matakin farko na meyosis, ba, don haka 'yan lebul wan ku fara karanta matakan kafin ku zo. Ajin Asabar da safe ya fi sauƙin zafi da cunkoso, ku zo da wuri ku kama bencin gaba don daga baya ba a ganin inda filayar take yanka.