Philips CorePro LEDtube mai tsawon ƙafa huɗu: ya dace da wurin aiki, amma a kula da haɗin waya

Dogon ƙwan Philips CorePro LEDtube T8 mai tsawon milimita 1,200 an yi shi ne don ya shiga gidan tsohon ƙwan fulorisan mai wat 36 ba tare da an sauke gidan daga rufi ba. Ƙafafunsa na ƙarfe biyu-biyu ne a kowane kai, irin da ake kira G13, don haka tsohuwar holda tana karɓarsa. Wanda aka fi sani yana cin wat 14.5, yana ba da haske lumen 1,600 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), kamfanin kuma ya rubuta masa awa 30,000. Alƙaluman sukan ɗan canza daga fitowa zuwa fitowa, sai a karanta kwali kafin a biya.

Ga mai shagon kafinta ko ɗinki ko gareji, ribar a bayyane take. Tsohon ƙwai wat 36 yake ci, cok ɗinsa kuma, wato abin da ke rage masa wuta a cikin gidan fitilar, yana ƙona wajen wat 8 zuwa 10 a zafi kawai, jimla kusan 45. Fitila goma da ke kunne awa goma a rana suna shan yunit 4.5, da CorePro ba su kai yunit ɗaya da rabi ba. Wanda ke kan janareta ko inbata zai ga bambancin tun kafin mai mita ya gani. Sannan babu ƙyaftawa kafin ya kama, babu gunjin cok.

Kafin a saya, a buɗe gidan fitilar a duba abin da ke ciki. In akwai sitata, ɗan ƙaramin gwangwanin da ake murɗawa, da cok mai nauyi, to wanda aka rubuta wa EM/Mains shi ne naka. In babu sitata, sai wani dogon akwati marar nauyi, wannan balas ne na ilektronik mai yin aikin cok, kuma ƙwan EM ba ya aiki da shi. Sai dai a cire shi a sake waya, ko a nemi ƙwan da aka rubuta wa HF.

Hanya mafi sauƙi a gida mai cok ba ta buƙatar yanka ko waya ɗaya. A kashe wuta daga babban makunni, ba daga na bango kaɗai ba, domin a gine-gine da yawa an ɗora makunnin a kan nutural, wayar wuta tana nan da ranta. A gwada da testa. A cire tsohon ƙwai, a cire tsohuwar sitata, a murɗa wadda ta zo a cikin kwalin, a saka sabon ƙwai a juya shi har gefen da ke haske ya kalli ƙasa. Sitatar kwalin ba sitata ba ce ta gaske, fis ne a cikinta, aikinta ta haɗa layin. In aka bar tsohuwar, ƙwan zai yi ta kamawa yana ɗaukewa, kuma hakan na iya kashe shi.

Inda ake ɓarna shi ne wajen cire cok. Cire shi abu ne mai kyau, musamman in ya tsufa yana wari, amma a fahimci yadda ƙwan yake a ciki. Kai ɗaya ne ke karɓar wuta, shi ne mai rubutu. Ɗaya kan kuwa ƙafafunsa biyu a haɗe suke da juna. Wasu masu gyara sukan kawo wayar wuta da nutural duka kan holda ɗaya, su bar ɗayar babu komai. Ƙwan zai kama, har ranar da yaron shago ya cire shi ya mayar da shi a juye. A ranar wuta da nutural za su haɗu kai tsaye: tartsatsi, holda ta ƙone, babban makunni ya faɗi in an yi sa'a. Abin da ya dace shi ne a cire wayoyi biyun da ke jikin cok a haɗa su da juna da kwanekta, a bar sauran layin yadda yake, ya bi ta sitatar mai fis. Da haka ko ta wane kai aka saka ƙwan zai kama. In akwai kafasta, ɗan gwangwanin da ke ajiye caji, a gidan a cire ta, wayar at (ta ƙasa) kuma a bar ta ɗaure a jikin ƙarfen. A manna takarda a rubuta cewa an cire cok, don kada wani ya mayar da fulorisan ciki, domin ba tare da cok ba babu abin da zai rage masa wuta.

Rauninsa na gaske shi ne yawan haske. Fulorisan mai wat 36 yana ba da lumen 2,500 zuwa 3,350 gwargwadon irinsa, wannan kuwa 1,600. Abin da ke cetonsa shi ne haskensa ƙasa yake zuba, ba ya ɓata rabi a jikin rufi, shi ya sa a hanya ko ɗakin ajiya ba a lura da raguwar. A kan bencin aiki kuwa, inda ake bin layin fensir ko zura zare, ana lura. Nan a sayi mai lumen 2,000 ko fiye, ko a ƙara gida ɗaya daidai saman bencin. Game da launi, a duba lambar da ke jikin kwali: 865 fari ne fat mai ɗan shuɗi, 840 ya fi taushi a ido, kuma shi na fi so ga mai fenti da tela.

Jikinsa gilashi ne, don haka inda ake ɗaga katako ko rodi a sa masa murfi ko raga. An rubuta masa bolt 220 zuwa 240, ba a yi shi don janaretan da wutarsa ke hawa da sauka ba. In ƙwai suna mutuwa jere a kan layi ɗaya, a auna wutar kafin a zargi ƙwan. Kuma tunda jabu ya yi yawa, a kunna kyamarar waya a kansa a shago: in layuka masu duhu suna gudu a allo sosai, kada a rataye shi kusa da injin zarto, domin haske mai rawa yana iya sa haƙoran da ke juyawa su yi kamar a tsaye suke.

Tsofaffin ƙwayayen da aka cire akwai zaiba a cikinsu. Kada a fasa su a cikin shago, kada a bar wa yara su yi wasa da su; a zura su cikin kwalayen sababbin kafin a fitar.