Kwana biyu da Caterham Seven: hulata, ruwan sama da kuɗin ajiyata

Sai da na bari sati uku suka wuce kafin in rubuta wannan, don da a daren da na mayar da motar na zauna rubutu, da faɗa kawai za ku karanta. Yanzu zuciya ta ɗan huce, kodayake duk lokacin da na tuna kuɗin ajiyata sai ta sake tafasa.

Caterham Seven 310 na ɗauko haya ta kwana biyu, ni da uwargida, muka nufi tsaunukan Yorkshire Dales daga Leeds ta Ingila inda muke zaune. Na daɗe ina jin Turawan wurin aikinmu suna zuzuta ƙananan motocin gudun nan na ƙasarsu, wai wanda bai tuƙa irinsu ba bai san tuƙi ba. Ni kuwa shekara da shekaru Corolla nake ja, ba ta taɓa ba ni kunya ba, ba ta kuma taɓa sa ni dariya ba. Na ce to, gani ya kori ji.

Tun a garejin masu ba da hayar aka fara. Saurayin da ya miƙo mini mukulli ya dubi ƙafata ya girgiza kai, ya ce takalmin nan ba zai yi ba. Na ɗauka wasa yake. Ashe totur da birki da kuloci a matse suke wuri ɗaya, in ka taka ɗaya da takalmi mai faɗi sai ka haɗa da na kusa da shi. Haka na tuɓe takalmi, na yi tuƙin kwana biyu da safa. Shigar ma sai da darasi: a cire sitiyari, ka taka kan kujera da ƙafa biyu, ka dafa gefe, sannan ka zurara ƙafafu cikin wani dogon rami har ka zauna daɓas, kusan a ƙasa. Daga inda nake zaune, in na saki hannu ina taɓa kwalta. Uwargida ta tattare abayarta, ta leƙa, ta ce, "Abban yara, wannan mota ce ko kwale-kwale?" Da na san abin da ke gaba, da ban yi dariya ba.

Amma a bar wa gaskiya haƙƙinta. Awa biyun da muka yi daga Ingleton zuwa Hawes, da tsaye-tsayenmu a hanya, ban taɓa jin daɗin tuƙi kamarsu ba tun da na koyi mota. Injin Ford ne mai lita 1.6, ƙarfin doki 152, wanda a takarda bai kai a tsaya magana a kansa ba. Sirrin yana wajen nauyi: motar gaba ɗayanta wajen kilo 540 ce, Corollata ta ninka ta fiye da sau biyu. Lambar 310 ɗin ma daga nan ta samo asali, wato kusan ƙarfin dokin da ke jan kowane tan ɗaya. Kana taɓa totur ta zabura, babu wani jira. Sitiyarin ɗan ƙarami ne kamar faranti, ba na'urar da ke taimaka masa, saboda haka duk tsakuwar da taya ta taka kana jin ta a tafin hannu. Tayoyin gaba a waje suke, kana kallonsu suna hawa suna sauka, kana iya ɗora su daidai inda kake so a kan kwana. Giya kuwa da ɗan motsin wuyan hannu take shiga, ƙwas. A irin hanyoyin can iyakar gudu mil 60 ne a awa, kuma ban ma cika kaiwa ba, amma a mil 45 ji nake kamar ina tsere, saboda iska da ƙara da kusancin ƙasa. Wannan shi ya fi ba ni mamaki: ba sai ka karya doka ba kafin jininka ya motsa.

A kusa da doguwar gadar jirgin ƙasa ta Ribblehead, mai baka 24, iska ta ɗauke mini hula. Zanna ce mai kyau, wadda na zo da ita daga gida, na sa ta don a yi hoto. Ta madubi na hango ta tana birgima ta haye katangar duwatsu ta faɗa cikin tumaki. Uwargida tana riƙe da mayafinta da hannu biyu, dariya har da hawaye. Ban tsaya ba, kuma wallahi a lokacin ko a jikina. Da a nan tafiyar ta ƙare, da tauraro biyar zan ba ta in ƙara da addu'a.

Bayan mun ci abinci a Hawes muka hau hanyar Buttertubs, wadda ke haurawa ta kan dutse ta gangara Thwaite. Siririyar hanya ce, gefe ɗaya kwazazzabo, tumaki kwance a bakin kwalta kamar gidan ubansu. Muna dab da ƙololuwa sama ta haɗe. Ingila ce, ba ta shawara da kowa. Ɗigo biyu, uku, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Motar tana da rumfa, amma ba irin wadda ake danna maɓalli ta rufe kanta ba. Tamfol ne a naɗe a cikin but, da wasu ƙarafa da ake ɗagawa, da maɓallai rututu da ake ɗallawa ɗaya bayan ɗaya a saman gilashi da kewayen baya. Saurayin garejin ya nuna mini a cikin minti biyu, a inuwa, yana yi yana amsa waya, ya ce abu ne mai sauƙi. Na samu wani ɗan fili na tsaya, na fito da safa cikin ruwa, don takalmina yana can ƙarƙashin jakarmu a but. Na ɗalla na gaba lafiya. Da na zo na baya sai tamfol ya ce bai san zancen ba, saura kamar faɗin yatsa biyu ya kai amma ya ƙi. Na ja, na ja, sanyi ya sa ya ƙage kamar busasshiyar fata. In na samu na dama ya kama, na hagu ya ɓalle. Babban yatsana ya tsage, jini yana bin ruwa. Uwargida tana ciki ɗaure da bel mai igiya huɗu, ba ta san yadda ake kwance shi ba, ruwa yana taruwa a cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Cewa kawai ta yi, "Sannu Abban yara. Kwaɗayi mabuɗin wahala." Na yi kamar iska ta hana ni ji.

Mun fi minti ashirin a haka kafin wani dattijo ya tsaya da tsohuwar motarsa ta gona, da kare a baya. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya zura hannu ya sassauta wasu igiyoyi biyu da ke riƙe da ƙarfen rumfar, ƙarfen ya kwanta, tamfol ya kai har da rara. Ya ɗalla maɓallan, sannan ya ja igiyoyin rumfa ta miƙe tsaf. Ashe sai an sassauta ake ɗallawa, daga baya a ɗaure. Magana ɗaya ce, wadda da yaron can ya ajiye wayarsa ya faɗa mini, da yatsana bai tsage ba. Dattijon ya ce shi ma ya taɓa mallakar irinta, a cikin akwatuna aka kawo masa ya haɗa da hannunsa a gareji cikin hunturu guda. Har yau kamfanin Caterham yana sayar da ita haka ga mai so. Tun asali ma da haka ta yi suna: lokacin da Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin motoci na Lotus, ya fito da ita a 1957 da sunan Lotus Seven, wanda ya saye ta a warwatse ya haɗa da kansa yana tsira daga harajin sayen mota. A 1973 Lotus ta sayar wa Caterham haƙƙin ƙera ta, kuma siffarta ba ta canja sosai ba tun daga lokacin. Da zai tafi ya dubi safata ya ce masu irin motar nan da yawa ba sa wahalar da kansu da rumfa, rigar ruwa suke sawa su ƙara wuta.

Na gane dalilinsa da na zo shiga. Da rumfa a kai, ƙofar da ta rage ba ta fi tagar ɗakin kaji ba. Kai na fara turawa, na kwanta a kan uwargida, na jawo ƙafa ɗaya, ɗayar ta maƙale a waje kusa da salansa, wadda ke bin gefen motar a fili da zafinta. Allah ya kiyaye ban ƙone ba. A ciki kuma wata duniya ce: ƙarar inji ta ninku, tururi ya rufe tagogin roba, zafi yana tasowa daga wajen giya yana gasa mini ƙafa ɗaya, ɗayar tana cikin ruwa. 'Yan waifofin gilashin, kowanne bai fi tsawon biro ba, suna ta fama. Sigina ba ta kashe kanta bayan kwana, sai ta yi ta ƙara har ka tuna. Haka muka gangara Thwaite ba mai ce wa kowa uffan.

Da dare, ina shanya safa a kan hita a masauki, na yi ta tunanin abin. Ba zan ce motar ta yaudare ni ba. Maganar da ake dangantawa da Chapman ita ce ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake sa ka sauri, rage nauyi kuwa ko'ina. To nauyin da aka rage ɗin mene ne? Rufi ne, da ƙofofin kirki, da rediyo, da abin toshe ƙara, da wurin kaya. Daɗin da na sha da safe da wuyar da na sha da yamma tushensu ɗaya. Da wannan tunanin na kwanta ina cewa na yafe mata, tauraro huɗu.

Washegari na janye ɗaya. A hanyar dawowa mun bi babban titi na ɗan lokaci, wata tirela ta jero da mu, na ɗaga kai na ga tayarta ta fi kaina tsawo. Ban tabbata direban ya san muna wurin ba. A nan na tuna motar ba ta da jakar iskar nan da ke fashewa in an yi karo, ba ta da na'urar hana birki kullewa, tsakanina da tayar nan sai ɗan siririn falle na alminiyom. Ga uwar 'ya'yana a gefe. Na rage gudu na bar shi ya wuce, tafin hannuna duk gumi. Kowane tudun rage gudu a cikin gari kuma sai na bi shi a karkace kamar mai ɗauke da ƙwai, ina jiran jin ƙasan inji ya gurzu.

Sai kuma masu haya. Mun iso, yaron ya zagaya motar da fitilar waya, abin da bai yi ba ranar da zan ɗauka, ya tsaya a kan murfin tayar baya ya nuna wasu 'yan tabo. Duk wanda ya san motar nan ya san tayoyin gaba suna watsa tsakuwa a daidai wurin, kuma tabon da ke nan sun fi a ƙirga, tsofaffi da sababbi. Ta yaya aka san nawa ne? Ya ce manaja zai duba. Manaja ya duba ya zaftare kusan rabin kuɗin ajiya. Na rubuta musu sau uku, amsa ɗaya suke turo mini kamar an kwafa. Laifina ne da ban ɗauki hoton kowane lungu ba kafin in fita, zumuɗi ya hana ni. Wanda zai je, ya ɗauki bidiyo, ya kuma sa su tsaya ya kafa rumfar da hannunsa sau biyu a gabansu. Su kam ko tauraro ɗaya ban ba su ba, kuma ba don kuɗin kaɗai ba, har da igiyoyin nan biyu.

Motar fa? Uku nake cewa in na tuna tirela, biyar in na tuna Ribblehead. Mai dogon jiki ko mai ƙiba ya nemi mai faɗin bodi da suke kira SV, don ƙaramar ko ni da ba ni da jiki sai da ta matse mini kafaɗa. Wani abokin aikina ya ce da Lotus Elise na ɗauka da na fi samun sauƙi, tana da ƙofofi na gaske, ita ma ta farkonta a 1996 ba ta kai kilo 750 ba. Sai dai an daina ƙera ta tun 2021, kuma Lotus ɗin yanzu har wata ƙatuwar motar lantarki take yi a Chaina mai nauyin wajen tan biyu da rabi. Jin haka ya sa na ɗan ƙara ganin girman mutanen Dartford, inda masana'antar Caterham take, da suka nace wa 'yar gwangwaninsu.

Ranar Litinin da na koma Corolla, sitiyarin ya zame mini kamar ina juya tuwo da muciyar roba, ban jin komai a hannu. Jiya da dare uwargida ta kama ni ina duba tallan wata tsohuwar Seven ta hannu a waya. Ta karɓi wayar ta duba farashin, ta miƙo mini, ta ce in fara sayen hula tukuna.